Kaset ɗin da Baffa Ilu Ya Ce Ba Kowa a Ciki

Ranar wata Asabar, makon da aka koma lakwal, wato makarantar boko, bayan hutun ƙaramar Salla, shekarar da nake aji biyar, na fara jin piyano. Mun gama sharar fili, mun ba ƴan itatuwan dogon yaro ruwa, muka shigo aji ƙafafu furu-furu. Malaminmu, Mushe Amadu (Mushe muke ce wa malaman lakwal), ya ɗora wata ƴar rakoda a kan tebur, ya ce kowa ya kifa kai a benci ya rufe ido. Mun zata kalangu za mu ji, har wasu sun fara gyara zama. Sai ga wani sauti yana fitowa ɗaya bayan ɗaya, a hankali, kamar ɗigon indararo bayan ruwa ya ɗauke. Can sai wani mai kauri ya shigo daga ƙasa yana tafiya ba gaggawa, siririn na sama yana zagaya shi, ya yi nisa, ya dawo, ya sake tafiya. Ƴan aji suka yi ta jiran mawaƙi ya fara, da suka ga ba shi da niyyar zuwa sai dariya ta ɓarke daga bencin baya. Ni kuwa tsigar jikina ce ta tashi. Na ji wata kewa, irin wadda ke zuwa idan an tuna da mutumin da ya yi tafiya, alhali ban san wa nake tunawa ba. Da kiɗan ya ƙare kowa ya ruga waje, ni ina nan kife ina goge ido da gefen kallabi.

Mushe Amadu ya lura da ni. Daga ranar, duk Asabar idan an tashi sai ya bar ni in zauna bakin ƙofa in ji gefe ɗaya na kaset ɗin yana gyaran takardu. Shi ya zana mini piyano a allo, wani dogon akwati mai haƙora farare da baƙaƙe, ya ce mutum ɗaya ne ke kaɗa shi da yatsu goma. Na ƙi yarda, don ni mutum biyu nake ji suna hira. Ƙarshen shekara aka yi masa canji zuwa Ɗan Barto. Ranar da zai tafi ya kira ni, ya miƙo mini kaset ɗin a cikin kwalinsa, ya nuna mini ƴan ramuka biyu a gindinsa. Ya ce, "Na karya kunnuwan, Ramatu, ba mai iya ɗaukar magana a kansa. Ki riƙe shi da kyau."

Gidanmu a Matameye babban gida ne, sashen babana da na ƙanensa Baffa Ilu, rijiya ɗaya, rumbuna huɗu, da wata tsohuwar bishiyar ɗurumi a tsakar gida inda ake ɓarar gyaɗa da susar gero. Rakoda ɗaya ce a gidan kaf, ta Baffa Ilu, wadda babban ɗansa Yaya Lawali ya aiko masa daga Libiya. An ɗinka mata riga ta atamfa, ana ajiye ta bisa akwati. A lokacin mutanenmu ba su cika rubuta wasiƙa ba. Idan za a yi wa na nesa saƙo, sai a taru a gaban rakoda, kowa ya durƙusa ya yi gaisuwa ya faɗi abin da ke ransa, a naɗe kaset a tsumma a ba matafiyi. Wannan ya sa Baffa ya zama wani babba a unguwa, yana tafiya yana gyaran murya. Ni ce mai share ɗakinsa kowace safiya, don haka idan ya tafi gona sai in ɗauko tsofaffin pil, wato batura, da na shanya a rana bisa danga, in zura su, in rage murya, in saurari piyanona ina shara. Matarsa, Inna Tabawa, ta sha tarar da ni. Ba ta taɓa hana ni ba, sai dai ta ce in mayar wa rakoda rigarta yadda na same ta. Wata rana aka ƙwala mini kira daga bakin rijiya, na fita da gudu, na manta kaset ɗin a ciki.

Ranar kasuwa ce, kuma wani mutumin Yauri, wani gari kusa da mu, da zai koma Libiya ya aiko cewa motarsa za ta tashi bayan Azahar. Baffa ya nemi sabon kaset bai samu ba, ya buɗe rakoda ya ga nawa. Ya kunna, ya saurara, ya tura gaba, ya juya ɗaya gefen, bai ji mutum ya yi magana ko waƙa ba. Da ya danna jan maɓallin ɗaukar magana ya ƙi shiga, sai ya yagi takarda ya cusa a ramukan nan biyu. Ina dawowa da tulu a kai na tarar da mutanen gida a durƙushe ana gaida Yaya Lawali, kwalin Mushe Amadu kuwa yana yashe a ƙasa. Na saki tulun. Na yi ihun da ban taɓa yin irinsa ba. Baffa ya dube ni da mamaki na gaskiya, ya ce, "Ke, lafiyarki? Ai ba kowa a ciki. Na saurara kaf, sai wata ƙwanƙwasa kamar ana gwajin kwano a kasuwa." Duk gida aka yi dariya. Babana bai yi dariya ba, ya ce a kan kaset zan ɗaga wa baffana murya? Aka sa na durƙusa a gaban mutumin da ya cuce ni na ce ya yi haƙuri. Da maraice ya aiko mini da guntun rake, wai na lallashi. Na miƙa wa akuya a kan idonsa.

Na ƙulla shi a raina, ƙulli mai tsanani. Mutane suna ganin yarinya ƴar shekara goma sha ɗaya ba ta iya riƙo, to ni na iya, har yau ma ban rasa wannan baiwar ba. Damina ta shigo, muka yi shuka, muka yi noman fari da maimai, ina bin bayan manya da kwaryar fura, kuma duk inda na hango farar hular Baffa a cikin gero sai zuciyata ta yi baƙi. Idan ya ce a kawo ruwa, daga randar da rana ta bugi bayanta nake ɗebo masa. Na taɓa barin ƙofar garke a buɗe awaki suka yi wa harawarsa kaca-kaca. Duk wannan bai kashe mini ƙishi ba, domin abin da ya fi ci mini rai shi ne kiɗan yana zubewa daga kaina. Ina daka ina rera shi a hanci, ina wasan gaɗa da ƙawaye ina nemansa a ƙarƙashin tafi, amma kullum sai in tarar wani yanki ya ɓace. Siririn na sama ya daɗe tare da ni. Mai kaurin na ƙasa shi ya fara tafiya, kuma ba a iya rera biyun da baki ɗaya.

Da kaka amsa ta zo. Aka shimfiɗa tabarmi ƙarƙashin ɗurumi bayan La'asar, Baffa ya cire wa rakoda riga, muryar Yaya Lawali ta cika gida. Ya gaida kowa da sunansa, har da tsohon jakinmu. Inna Tabawa tana ta amsawa "lafiya lau, ɗan nan" kamar yana gabanta. Dab da ƙarshe sai ya ce, "Af, wancan kaset da kuka aiko, bayan maganarku ta ƙare akwai ragowar wani kiɗa. Wa ya sa shi? In na dawo daga aiki shi nake kunnawa, sai in ji kamar ina zaune a ƙofar gida." Ashe a duniya akwai wanda ya ji abin da na ji. Na ɗaga kai na dubi Baffa, ina jiran ko kunya ce ta kama shi. Sai ya tuntsire da dariya har hularsa ta karkace, ya ce zaman Libiya ya fara taɓa kan yaron nan, ƙwanƙwasar kwanon Ramatu ce yake yabo. Da a ce ya yi shiru a ranar, wataƙila da na haƙura.

Na jira har ranar da maza suka tafi jidan dammunan gero, mata suka taru a sashenmu ana ɓarar gyaɗa. Na shiga ɗakinsa da tsintsiya kamar kullum. Kaset ɗin Yaya Lawali yana cikin gwangwani ƙarƙashin matashi, shi ma an karya masa kunnuwa. Na yagi takarda daga littafina na cusa a ramukan, yadda Baffa da kansa ya koya mini. Na danna jan maɓalli, na kama shara. Na share ɗakin lungu-lungu, na share ƙarƙashin gado, na sake sharewa, har gefe ɗaya ya ƙare. Na juya ɗaya gefen na sake farawa. Da na gama na zare takardun na tauna su na haɗiye, na mayar wa rakoda rigarta.

Ranar Juma'a bayan masallaci ya tara abokansa a zaure don su ji muryar ɗansa na Libiya. Ina laɓe bayan danga da turmi. Na ji "Salamu alaikum, ni ne Lawali," domin ashe ban mayar da zaren har farkonsa ba, daga nan sai ƙas, sai wani shuu, shuu, da kukan kaza daga nesa. Ya bubbuga rakoda, ya canza pil, ya hura cikinta, ya juya kaset, ya rantse wa baƙinsa cewa jiya-jiya yaron ke magana. Ɗaya daga cikinsu ya ce, "To Malam Ilu, ai ba kowa a ciki." Wallahi ban taɓa jin daɗin magana irin wannan ba. Na yi dakan ranar da ƙarfin mutum biyu, ina murmushi ni kaɗai. Ya kai rakoda wurin mai gyara har sau biyu, bai taɓa kawo ni a ransa ba, don a ganinsa ƴa mace ba ta san maɓalli ba. Aka ce ba komai, Lawali zai aiko da wani.

Bai aiko ba. Kafin damina ta zagayo, mutumin Yaurin nan ya dawo da jakar kayan Yaya Lawali da labarin ciwon ciki na kwana uku. A can aka binne shi. Ba mu da hotonsa ko ɗaya, domin bai taɓa tsayawa gaban mai hoto ba sai na takardar tafiya, ita kuma ta tafi tare da shi. Bayan an share makoki, baƙi sun watse, wata hantsi Inna Tabawa ta kira ni ɗakinta. Rakoda na gabanta, gwangwanin na kan cinyarta. Ta ce idonta ba ya gane maɓallan, in kunna mata. Na kunna. "Salamu alaikum, ni ne Lawali." Ta amsa sallamar, ta ce in mayar. Na mayar, ta sake amsawa. Mun yi haka ya fi sau goma, pil ya yi sanyi, na koma juya zaren da biro. Daga baya ta ce in bar shi ya wuce. Muka zauna muna jin shuu, shuu, sai wani ɗan bugu sau biyu, sai shuu ya ci gaba. Ba ta dube ni ba ta ce, "Duk gidan nan ke kaɗai ke buga gindin tsintsiya a tafin hannu sau biyu. Tun ranar farko na gane." Na buɗe baki, ta ɗaga hannu. Ta ce, "Ban faɗa masa ba, ba kuma zan faɗa ba. Mayar mini da sallamar." Na yi ta mayar mata da sallamar nan, har aka kai ni kwaleji a Damagaram.

Yanzu ina da jikoki, kuma piyano yana cikin wayar da ke jakata. Na daɗe ina lalube kafin in gano kiɗan Mushe Amadu, ranar da na same shi kuwa sai da na zauna a bakin gado, domin mai kaurin nan na ƙasa yana nan yadda na bar shi, yana tafiyarsa ba gaggawa. Na tarar mutane barkatai sun kaɗa shi, tsofaffi da yara, a ƙasashen da ban san sunansu ba, saboda wanda ya ƙirƙira shi ya rubuta shi a takarda tun kafin a haifi kakan kakana. Ashe duk haukan da na yi, abin da Baffa ya goge bai taɓa ɓacewa ba. Baffa ya rasu, na je gaisuwa, na yi masa addu'a, amma ba zan yi ƙarya ba, har gobe idan na tuna dariyar nan tasa sai raina ya ɓaci. Inna ma ta bi shi, ba ta taɓa tayar mini da maganar ba. Ƴaƴan gidanmu da ke nesa yanzu kullum muryarsu na shigowa ta waya, a saurara a goge ba wanda ya damu. Nakan kunna kiɗan da yamma in yi tunanin wani saurayi da ya dawo daga aiki a gajiye yana jin ragowarsa, shi kaɗai a gidanmu da ya ji shi kamar ni. Na nemi kiɗana na samu. Muryarsa kuwa wuri ɗaya take a duniya, kuma ni na san inda aka ajiye ta, na je na share ta.