Ƙorai Bakwai a Jikin Bango

Mu shida ne a ɗakin ranar jeren jikata: ni, da babban ɗana uban amarya wanda ya kawo kaya a mota, da matarsa, da ƙanwata da ta zo daga garin Uba, da wani kafinta da aka ɗauko ya kafa kanta, sai ita amaryar, wadda ta ƙi zama a gida ta ce sai ta ga yadda za a yi mata ɗaki.

Sana'ata zanen ƙwarya. A Mayo Bani na koya wurin mahaifiyata: ki sa ƙarfe a garwashi ya yi ja, ki ƙona zane a bayan ƙwarya, hannu kada ya yi rawa. Da ita na ciyar da 'ya'ya huɗu bayan rasuwar ubansu. Daga baya robar Chana ta cika kasuwar Mubi, masu tallan nono ma suka koma bokiti. Kuma ɗan nan nawa yana cikin masu saro ta.

Ranar hankalinsa ba ya kan jere. Ya kara waya a kunne yana jin rediyo, wai ana gardama ko a ƙara wa kayan Chana haraji ko a bar su da sauƙinsu.

"Dada, in suka ƙara mun shiga uku," in ji shi. "Talaka da me zai yi wa 'yarsa kayan ɗaki?"

Ƙanwata ta ce, "Ji shi! Kai da ka kashe wa uwarka kasuwa, yau kai ne da kuka?"

Aka yi dariya. Ni ban yi ba, ban kuma goyi bayanta ba. Shinkafar da nake ci da maganin idona daga shagonsa suke fitowa. Ban san abin da zan roƙa wa gwamnati ba, ta ƙara ko ta bari.

Abu ɗaya na zo da shi. Ƙorai bakwai, na ƙarshe da na zana kafin idona ya yi hazo. Ni na shuka duman, ni na fafe. A gidanmu amarya a ƙwaryar danginta take dama wa miji furar farko. Haka aka yi min, haka na yi wa 'ya'yana. Na miƙa wa yarinyar, ta rungume ni ta ce, "Kaka, wallahi waɗannan sun fi ƙarfin kicin." Na ji daɗi. Ban tambaye ta me take nufi ba, laifina ke nan.

Na fita sallar la'asar. Ina cikin raka'a ta uku na ji kukan injin kafinta. Na ƙirga, sau bakwai.

Da na dawo, ga su a jikin bango sama da talabijin, an huda gindin kowace an ɗaure da ƙusa, an shafa musu wani mai suna ƙyalli. Kulolin Chana kuma cike da kanta.

"Kin gani, Kaka? Kowa ya shigo ke zai fara gani."

Idonta fal murna. Ni da ake tsoron bakina a unguwa, sai na juya na dubi bango. Na ce wa kafinta, "Malam, sauko min da babbar." Ɗana ya dubi ƙasa. Shi kaɗai ya gane, don a cikinta ya ga ana dama fura tun yana rarrafe, ko ba ita ba irinta.

Washegari da safe na nemo ɓallin tsohuwar ƙwarya da basilla da zare, na zauna a bakin ƙofa na toshe hudar da lalube, na ɗinke yadda mahaifiyata take yi. Na zuba ruwa na ɗaga. Ya yi ta ɗiga a kan zanena. Na sake ɗinki, ya sake ɗiga. Sai na kwashe ruwan, na zuba dusa a ciki, na ajiye wa kaji.