Huluna takwas da ba su da shekara

Shekara shida ke nan da rasuwar mahaifina, Malam Sanusi tela, kuma har yau idan na buɗe kabad ɗinsa a gidanmu na haya a unguwar Abbasiya kunya nake ji. Huluna takwas ne ke jere a can, babu mai iya faɗin shekarar da aka yi su, kuma laifina ne.

Daga Damagaram Baba ya zo Alƙahira karatu, ɗinki ya riƙe shi. Abin da ya fi so bayan keken ɗinkinsa shi ne tsofaffin hulunan Jamus da Ostiriya, masu baki zagaye, na gashin zomo, wasu koraye da igiya da gashin tsuntsu a gefe. Duk Juma'a bayan salla sai ya shiga jirgin metro zuwa Wustul Balad, tsakiyar birni, ya bi shagunan tsofaffin kaya ɗaya bayan ɗaya. Abokansa suna tsokanarsa, wai mutumin da bai taɓa sa komai a kansa ba sai zanna bukar ya zama sarkin hular Turawa. Dariya kawai yake yi.

Baba ba ya duba hula ta waje. Kifa ta yake yi, ya ɗaga fatar nan ta ciki da ke shan gumi, ya karanta 'yar takardar da masu ƙira suka manna a ƙarƙashi. Hatimi, lambar girma, ko an rubuta Jamus kawai ko Jamus ta Yamma, da waɗannan yake gane zamaninta. Bai taɓa ƙara wa hula shekara ɗaya don ya burge mai saye ba. Wannan gaskiyar tasa ce ta sa har daga unguwar Ma'adi mai nisa ake kawo masa huluna ya duba.

Ana saura kwana biyu sallar layya, ina ta aikin share gida kamar yadda muka saba, na ga takardun nan sun yi ja sun dafe. Na ce ai wannan dauɗa ce. Na samu tsumma da ruwan ɗumi na kankare su tas daga huluna goma sha ɗaya, har ina jiran yabo.

Da ya dawo ya gani, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana ɗaga fatar. Sannan ya ce, "Ma'alish, kar ki damu, Hadiza. Khalas, ya wuce. Amma ke kika cire, ke za ki nemo."

Na roƙe shi ya faɗa mini shekarun in rubuta, tunda duk suna kansa. Ya ƙi. Baba akwai taurin kai, Allah ya jiƙansa. Sai ya zaunar da ni ya riƙa ɗora yatsuna a kan hula: in ji kaurin gashin, in duba ɗinkin kirtanin ko na hannu ne ko na keke, in shinshina fatar. Wata huɗu muka yi na gano guda uku, kowace ya gyaɗa kai. Muna kan ta huɗu ciwo ya kwantar da shi, bai tashi ba.

Yanzu masu wannan harka hoto suke ɗauka da waya, su tura, nan take a ba su amsa. Na san da Baba yana nan zai karɓi wayar ya jujjuya ta, ya tambaya ko tana jin ƙanshin fata. Amma ba na jin zai raina ta, domin mutum ne mai son sani ko daga wa ya fito. Abin da ba zai yarda da shi ba shi ne amsar da babu hujja.

Watan jiya wani dillali ya zo yana son takwas ɗin. Na ce masa ban san shekarunsu ba. Ya ce tamam, ba komai, zai ƙiyasta ya manna musu sababbin takardu, wa zai gane? Na ba shi shayi, na raka shi bakin ƙofa.

Baba bai bar mini gida ba, bai bar mini fili ba. Ya bar mini hannun da bai gama koyo ba, da zuciyar da ba ta iya rubuta abin da ba ta tabbatar ba. Jiya ma na sauko da ta huɗun, na kifa ta a cinyata. Ina zaton na gane ta, Baba, sai dai babu wanda zai gyaɗa mini kai.