Yayana Da Aka Mayar Ƙanena

Duk abin da zan manta a rayuwata, ranar addu'ar ukun yayana ba ta ciki. Shekaru sun wuce, amma har yanzu in na ji ana yabon wani ɗan ƙwallo a rediyo ana cewa yaro ne ƙarami, sai in kashe rediyon.

A Tsafe aka haife mu. Shi ne ɗan farin Inna, ni ke bi masa. Tun muna firamare ba shi da zance sai ƙwallo, kuma Allah Ya ba shi ƙafar hagu da in ya buga, mai tsaron gida sai dai ya waiga. Amma sa'arsa ba ta zo da wuri ba. Sai da ya yi acaba, ya yi aure, aka haifa masa 'ya mace har ta fara gudu a tsakar gida, sannan wani koci daga Gusau ya gan shi a gasar unguwanni ta bayan Sallah, ya ce ya zo a gwada shi.

Ya ci gwajin. Abu na farko da ƙungiyar ta ba shi, kafin takalmi, kafin riga, reza ce. Aka ce ya aske gemu, kuma kada ya sake ya kwana biyu bai bi ta kansa ba. Daga nan sakataren ƙungiyar ya zaunar da shi ya yi masa sabuwar haihuwa. Ya fita gida yana yayana, ya dawo da shekaru goma sun zube a hanyar Gusau. Har da dariyarsa ya ce min, "Daga yau ka riƙa aikena, kai ne babba."

Wannan abu suna kiransa shekarun ƙwallo, kuma ba irin namu ba ne. Namu kowace damina sai sun ƙaru. Nasu sai ƙungiya ta ga dama. Ni na yi aure, na fara sanƙo, yayana yana nan ɗan sha tara, bai motsa ba. Da shi suka ɗauko kofin matasa, aka zagaya Gusau da su a buɗaɗɗiyar mota, yana tsakiyar 'yan uwansa yara, waɗanda wasunsu na san matansu na aure.

Matsala ɗaya ita ce yarinyar. Ɗan sha tara ba ya da 'yar da ke zuwa makaranta. To a nan al'adarmu ta yi musu aiki kyauta. 'Yar fari ce, a ɗakin Inna take kwana, kuma shi saboda kunya ba ya kiran sunanta, ba ya ɗaukarta a gaban mutane. Ita ma da ta ji muna ce masa Yaya, sai ta ɗauka. Ranar da sakatare ya ji ta kira shi Yaya a bakin filin wasa, har tafawa ya yi. Ya ce, "Madalla da tarbiyya! A bar ta a haka." Abin da muke yi don kunya, su suka mayar da shi shaida.

A shekararsa ta ƙarshe ya fara kukan ƙirji. Yakan ce min in ya yi gudu mai tsawo sai ya ji kamar an ɗora masa buhu. Ya faɗa wa koci, kocin ya ce, "Yaro kamarka? Lalaci ne. Ƙara zagaye." Na lura sun maimaita ƙaryar har su da kansu sun yarda da ita. A wani wasan sada zumunci a Bungudu, da rana tsaka, ya tare ƙwallo da ƙirji, ya yi taku kaɗan, ya durƙusa. 'Yan kallo suka ɗauka ɓata lokaci yake yi, har ana yi masa ihu ya tashi. Kafin a sami motar da za ta kai shi asibiti, rai ya yi halinsa. Ajali ne, na yarda. Ni na yi masa wanka, na ga gemun ya fara tsirowa, har da farin gashi ɗaya a gefen haɓa.

Ranar uku muna zaune a kan tabarmi a ƙofar gida, sai ga jerin motoci. Ciyaman na ƙungiyar ne, da sakatare, da mai ɗaukar bidiyo, da wasu biyu riƙe da rigar marigayi an sa ta a gilashi. Ciyaman bai taɓa taka gidanmu ba, don haka sai da ya fara yi wa maƙwabcinmu mai shayi ta'aziyya, ya riƙe hannunsa ya daɗe, kafin a nuna masa mu.

Sakatare ya ja ni gefe. "Malam, kai ne babban wansa ko?"

Na ce, "Ƙanensa ne."

Ya ce, "To, yau dai kai ne babba." Ya rage murya. "Za a ɗauki hoto da iyali. Yarinyar nan, in an tambaya, ƙanwarsa ce. Mai ɗakinsa kuma tunda tana takaba, ai ba sai an ambace ta ba. Ka san in maganar ta fita, kofin nan za a iya karɓe shi. Sunan marigayi muke karewa."

Na dubi yarinyar. Tana tsaye a bakin zaure cikin hijabin Islamiyya, tana kallon rigar da ke cikin gilashi. Yana raye an hana ta uba a bainar jama'a, yanzu ya mutu ana so a hana ta maraici. Ina cikin neman kalmar da zan faɗa wadda ba zagi ba, sai Ciyaman ya miƙe, ya gyara babbar riga, ya jira mai bidiyo ya ɗaga masa hannu, sannan ya fara.

Ya ce shi ya gano yaron da idonsa. Ya ce ɗa ya ɗauke shi. Ya ce abin da ya fi ƙona masa rai, yaro ne ɗanye, ɗan shekara sha tara, ko aure bai yi ba, bai bar kowa ba sai ƙwallo. A nan ya ciro hankici. Mutanen da ke kan tabarmin nan kuwa su suka ci shinkafar ɗaurin aurensa. Limamin da ya raɗa wa yarinyar suna yana zaune a gaba, sai ya kama tari. Kowa ya sunkuyar da kai yana jan carbi da sauri.

Sai muka ji takun takalmi daga zaure. Inna ce. A garinmu mace ba ta fitowa wurin zaman maza ranar makoki, balle uwar mamaci. Ta fito riƙe da hannun yarinyar, ta tsaya daga bakin ƙofa.

Ta ce, "Alhaji, sannunku da hanya. Na ji bayaninka daga ciki. Yaron da kake faɗi, Allah Shi jiƙan shi, amma ban san shi ba. Wanda ni na haifa, ran da anka ba mu jiha, shi yab bi motocin murna har bakin kasuwa, na bi shi da bulala."

Wani daga baya ya yi dariya, ya mayar da ita tari.

Ciyaman ya ce, "Hajiya, ai a wurinmu duk yara ne..."

"Ban je Makka ba tukuna," in ji Inna. "Bari in ƙare."

Sai ta kira sunansa. Tunda na yi wayo ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba, don ɗan fari ne. "Wancan" take ce masa, ko "mai ƙwallo". Ranar ta faɗe shi cikakke, da ƙarfi, a gaban maza. Ta ce, "Matatai na ciki tana takaba. Wagga kuma ɗiyatai ta." Ta dubi yarinyar. "Ke, gaya ma baƙi wa yar rasu."

Yarinyar ta buɗe baki, na ga leɓenta ya kama hanyar cewa Yaya. Ta tsaya. Sannan a hankali ta ce, "Babana."

Tun ranar rasuwar ba ta yi kuka ba sai a lokacin. Liman ya ɗaga hannu ya yi addu'a ga mamaci, da matarsa, da marainiyar da ya bari, ya ja kalmar marainiya yadda na bayan layi zai ji. Amin ɗin da aka amsa, ban taɓa jin mai ƙarfinta a ƙofar gidanmu ba. Sakatare yana ta yi wa mai bidiyo alama ya kashe, shi kuwa ya ɗauka cewa ake ya matso kusa.

Ba su tsaya cin abinci ba. Suka jingina rigar da bango suka shiga mota. Kofin kuwa babu wanda ya karɓe shi, babu ma wanda ya tambaya, don waɗanda za su karɓa sun san yadda nasu yaran suke. Bayan arba'in suka shirya wasan tunawa da shi a Gusau, da ƙyalle mai hotonsa, a ƙasa an rubuta shekara sha tara. Ba mu je ba.

Inna ta fasa gilashin ta ba yarinyar rigar. Tana nan a akwatinta. Yanzu ta zama budurwa, saura kaɗan ta kamo mahaifinta a shekarun ƙwallo, daga nan kuma ta wuce shi.

Abin da na koya ranar shi ne, in ka bar mutane suka yi maka ƙarya don amfaninsu, ko ka mutu ba za su sake ta ba, kuma na bayanka za a ce su ci gaba da ɗaukarta. Kunya abu ce mai kyau, da ita aka rene mu. Amma na ga ranar da tsohuwa ta ajiye tata a bakin zaure don jikarta ta sami uba, kuma duk mazan da ke kan tabarmin nan, har da mai hankici, babu wanda ya kai ta mutunci.