Hoton Jar Mota a Gindin Gadar Anacha

Motar tawa ce, da sunana aka yi takardunta, amma hannun yayana ne ya tashe ta. Na saye ta a wajen wani ma'aikacin kamfanin mai da zai bar Fatakwal, bayan ta daɗe a ajiye ƙarƙashin bishiyar mangwaro har ɓeraye sun cinye wayoyinta. Ja ce, mai ƙofa biyu, cikinta kusan a ƙasa, irin motocin nan da aka ƙera domin gudu kawai. Ni wake da shinkafa nake sayarwa a kasuwar Mile One, ban san komai a inji ba sai daɗin jin rurinsa. Yaya kuwa bakanike ne, garejinsa na bayan kasuwa. Duk ranar da aiki ya yi sauƙi sai ya shige ƙarƙashinta, ni kuma in tsuguna ina miƙa masa sifana.

A Anacha aka haife mu. Mahaifinmu albasa yake sayarwa a Head Bridge, kasuwar da ke bakin babbar gadar kogi, har ya rasu, a nan muka yi wayo muna kallon manyan motoci suna gangarowa daga gada. Shi ya sa tun ranar da aka jawo motar gareji Yaya yake cewa idan ta tashi za mu kai ta can mu ɗauke ta hoto, ita a gaba, ƙarafan gada a bayanta, irin wanda ake sa wa a kalanda. Ya faɗa ya fi sau ashirin. Ina jinsa ne kawai ina dariya.

Bai ƙarasa aikin ba. Ciwon sukari ya fara cinye masa idon hagu, sannan ya buɗe masa miki a ƙafa. Matarsa ta tafi da shi Inugu, inda iyayenta suke a Asata, aka kwantar da shi a asibiti. Abokin aikinsa ne ya ƙarasa haɗa injin, aka yi mata fenti, na fara hawa. Duk sanda na je duba shi sai in bi motar haya, saboda ina tausayin cikinta a kan hanya. Ina ta cewa sai ya warke mu je gadar tare.

Wata Juma'a ina fitowa daga masallaci matarsa ta kira ni. Ta ce likita ya sa ranar Talata za a yi wa idon dama aiki, kuma bai ɓoye musu ba, yana iya tashi da sauran ganinsa, yana iya tashi babu. Yanzu ma ba ya ganin abin da ya wuce tsawon hannunsa, shi ma sai babba ne kuma da haske sosai. Hoton waya ba ya yi masa, hawaye yake sa shi. An hana shi sauka daga gado saboda ƙafar. Sannan ta ce tun safe ba abin da yake tambaya sai ko na kai motar gada.

Na tsaya a bakin titi da takalmi a hannu ina lissafin kwanaki. Lahadi shaguna a rufe suke. Litinin kuwa a wancan lokacin ranar zaman gida dole ce a ƙasar Ibo, ba mai fita. Asabar kaɗai gare ni, a cikinta zan je Anacha, in ɗauki hoton, in kai Inugu a wanke shi babba.

Maƙwabcina mai ɗaukar hoton biki ya ara mini kyamararsa. A tsaye ya koya mini: in durƙusa ƙasa daidai fitila, in ɗan karkata tayar gaba, rana ta kasance a bayana, kada in ɗauka da tsakar rana. Ya kuma kira wata mata da ya sani a Asata mai injin wanke manyan hotuna, ta yarda za ta jira ni har ƙarfe shida na yamma.

Ina idar da sallar asuba na kama hanya. Motar da aka yi domin gudu, ni kuma ina lallaɓa ta kamar mai ɗauke da ƙwai. Duk ramin da na hango sai in taka birki, in shiga ta gefe, ina jin cikinta yana gogar kwalta kamar a ƙirjina ake yi. Bas-bas suna wuce ni, fasinjoji suna leƙowa suna nuna ni. Bayan Oweri na samu wuri mai kyau na taka ta sau ɗaya, ta yi wani ruri ta manna ni da kujera, sai kuma na ji kunya ta kama ni, na sassauta. Hantsi ya ɗaga sosai kafin na shiga Anacha.

Head Bridge ta fi yadda na bar ta cika. Okada, keke, masu turin baro, 'yan dako da buhuna a ka, kowa yana neman hanyar da babu. Na fi rabin awa a cikin cunkoso, allurar zafin inji tana hawa ina kallonta. Da ƙyar na samu gefe kusa da bakin gada na tsaya. Ina fito da kyamara wani mai tsaron gada ya taho da bindigarsa a kafaɗa.

"Oga, you no fit snap here. Move am," in ji shi, wato ba a ɗaukar hoto a nan, in gusa da motar.

Na roƙe shi da Turancin Buroka, na koma na roƙe shi da Ibo. Na gaya masa maganar yayana kaf, na nuna masa hotonsa a gadon asibiti. Ya saurare ni har ƙarshe, bai yi fushi ba, amma ya ce doka ce aka ba su, ba zai iya ba ko na minti ɗaya. Da ya ga na kasa motsi, sai ya nuna mini wata hanya da tifofi suke gangarawa bakin kogi ɗiban yashi, ya ce daga can ana ganin gadar gaba ɗaya, kuma can ba ruwansa.

Hanyar ta tifa ce, ba ta irin motata ba. Na san haka tun daga samanta. Tayoyin manyan motoci sun haƙa kwari biyu, tsakiya ta yi tudu. Na ɗora taya ɗaya a kan tudun, ɗaya a gefe, ina gangarawa a giya ɗaya. Na kusa kai wa fili, har na hango ruwa da ƙafafun gada, sai gefen ya zame. Motar ta zauna a kan cikinta, tayoyin baya suna juyawa a iska suna watsa taɓo. Na ba ta wuta, ta ƙara nutsewa. Na fito na haƙa da hannu, na cusa duwatsu da guntun katako, na koma na sake gwadawa. Ko motsi ba ta yi ba. Ga tifa ta taho ta gabana cike da yashi, direban yana danna ham yana zagina, ga hadari ya haɗo daga wajen Asaba.

Na zauna a kan taɓon nan na jingina da ƙofa. Ban san na fara kuka ba sai da na ji gishiri a bakina. Ba motar nake wa ba. Watannin da na yi ina cewa sai ya warke su nake wa. Da na zo tun farko, da rana ɗaya ta ishe ni, da yana da idon da zai gani sosai.

Kiran sallar azahar ne ya tashe ni, daga wajen 'yan albasa. Na bar motar a buɗe, na rataya kyamara, na hau da gudu. Rabona da layin tun rasuwar mahaifinmu. Na tarar ana alwala a bakin ƙaramin masallacin, na tsaya a gabansu jiƙe da taɓo. Wani dattijo mai farin gemu ya daɗe yana kallona, sannan ya kira ni da sunan mahaifina, ya ce ko a duhu ya ga wannan goshin ya san na gidan wane ne. Rumfarsu ɗaya da Baba shekara da shekaru. Sai da ya gama gaisuwa tsaf, ya tambayi mutanen Fatakwal da iyali da kasuwa, ni kuwa kamar in fashe, sannan ya tambayi abin da ya same ni. Na faɗa masa.

"Yi alwala, ɗana," ya ce. "Mu yi salla tukuna. Motar ba inda za ta."

Ban san abin da na karanta a sallar nan ba. Ana sallamewa ya miƙe ya yi wa jama'a bayani a taƙaice, ya ce babban ɗan marigayi ne yake kwance a Inugu, idonsa na tafiya. Mutum goma sha wani abu suka biyo mu, 'yan dako da masu rumfa, wasu da buhunan albasa da babu komai a ciki. Suka shimfiɗa buhunan a ƙarƙashin taya, suka kewaye ta. Direban tifar da ya gama zagina ma ya sauko ya kama. Aka yi bisimilla aka ɗaga ta cak, aka ajiye a kan yashi mai tauri, bambar gaba ta tsage amma ban ko duba ba.

Sai ruwa ya sauko. Muka fake a rumfar masu yashi, ina duba agogo kamar zan cinye shi. Ƙarfe biyu ta wuce. Dattijon yana ba ni labarin yadda Yaya yake kwance rediyon mutane tun yana ƙarami, ni kuwa ba na fahimtar rabin abin da yake faɗa.

Da ruwan ya tsagaita ban jira ya ɗauke ba. Na cire rigata ta sama na goge taɓon jikinta, mutanen suka taya ni da ruwan kogi a bokiti. Na juya ta hancinta ya kalli gabas, na karkata tayar gaba, na kunna fitilu. Na durƙusa, gadar ba ta shiga ba. Na kwanta rub da ciki a kan jiƙaƙƙen yashi, sai ga ta nan gaba ɗaya a saman motar. Hotuna uku na farko duk suka fito dishi-dishi. Na kafa gwiwar hannu a ƙasa, na riƙe numfashi. A daidai nan hadarin ya ɗan tsage, rana ta faɗo a kan jan fentin. Na danna, na danna, har hasken ya tafi. A ɗaya daga ciki dattijon ya shigo ta gefe da lemarsa, bai san ana ɗauka ba.

Mutanen nan ne suka sake ɗaga ta a wurin da ya lalace har ta hau kwalta. Ban yi musu godiyar kirki ba, har yau abin yana damuna. Na kama hanyar Inugu uku saura. Wannan karon ban tausaya mata ba. Wajen Oka salansa ta bugi wani abu ta fara ƙara kamar tsohuwar tifa, ban tsaya ba. Shida ta wuce da kusan rabin awa na shiga Asata. Mai wanke hoton ta riga ta ja rabin ƙofar shagonta, tana zaune a kan benci da jakarta a cinya. Ta kalle ni daga sama har ƙasa, ta tashi ta kunna janareto. Ita ta zaɓi hoton da dattijon ya shiga, ta ce ya fi sauran haske. Ta wanke shi kusan faɗin taga.

Sai da safiyar Lahadi na kai masa, don ina son hasken rana. Ni da matarsa muka tura gadon kusa da taga, muka tayar da shi zaune. Ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Na riƙe hoton a gabansa, ya jawo shi har yana taɓa hancinsa, ya karkata kai yana bin sa da idon daman a hankali, daga fitila zuwa taya.

"Auta, ta yi kyau," ya ce. "Jan ya zauna. Amma wa ya fasa mata bamba?"

Na ce ni ne. Ya yi murmushi ya ce ya sani. Sannan ya tambayi inda gadar take. Tana nan ta cika rabin hoton, amma toka-toka ce a kan sararin da shi ma toka-toka ne, idonsa bai raba su ba. Na kama yatsansa na bi da shi a kan ƙarafan ɗaya bayan ɗaya, daga wannan gefe zuwa wancan. Da muka zo kan mai lema ya tambaya ko wane ne, na faɗa masa. Ya ce ashe yana raye. Matarsa ta fita baranda, ta daɗe ba ta dawo ba.

An yi aikin ranar Talata. Da aka cire bandeji yana iya bambance dare da rana, ban da wannan babu. Bai yi ƙorafi ba, a gabana dai. Ya ƙara makonni a asibiti saboda ƙafar, ni kuma ina zuwa ina komawa.

Ranar da aka sallame shi ya ce a motar zai koma Fatakwal. Matarsa ta bi bas da kaya. Mutum biyu suka taimaka mini muka saukar da shi cikin kujerar, na ɗaura masa bel. A hanya hannunsa yana kan gwiwarsa, fuskarsa wajen taga. Da muka kusa Aba ya ce yana jin ƙanshin gasasshiyar masara, in tsaya. Na tuna masa abin da likita ya ce a kan abincinsa. Ya ce rabi kawai zai ci. Na tsaya na sayo guda ɗaya da ube, ɗan itacen da ake cin masara da shi a can, na karya ta biyu, muka ci a bakin hanya, tireloli suna wucewa suna girgiza motar.