Muryar Baffa a Ɗakin Jere

Kwanan baya wani malami daga Hanwa ya dawo mini da sifikokin da ya saya, ransa a ɓace. Ya ce sautinsu yana tsaga kunne, ko karatu ya sa sai ya ji kamar ana wasa wuƙa. Na jona su a shago, suka yi magana lafiya lau. Amma ƙarar da ya kwatanta na san ta tun ina yaro. Ita ce ta taɓa hana kakata cin abinci, ta kusa tayar da mahaifina zuwa Jidda ba shiri.

Bari in ba ka labarin. A gidanmu na Tudun Wada akwai Kaka, mahaifiyar Baba, kuma duk cikin 'ya'yanta babu wanda take ji da shi kamar autanta, Baffanmu, wanda ya tafi Jidda yana ɗinki. Lokacin babu waya a hannun kowa. Wanda ke nesa sai ya yi magana a kaset, ya ba alhazai su kawo. Baffa mutum ne mai kaurin murya, in ya yi dariya a zaure ana ji har madafi.

Wata damuna Baba ya sayo rakoda babba mai sifika biyu. Ɗakin Inna, mahaifiyata, aka kai ta, don shi ne ɗakin nuna wa baƙi: daɓen siminti sumul, rufin kwano, kabad mai gilashi, ga jere tun daga ƙasa har sama, tasoshi da kwanukan samira da farantan tangaran, kowanne yana sheƙi. Inna ta yi wa rakodar mazauni a tsakiyar jeren kamar amarya.

Da kaset ɗin Baffa ya iso, gida duka ya taru bayan la'asar, har da maƙwabta. Ƙanshin ƙasar da ruwa ya daka yana shigowa ta taga. Baba ya danna. Sai ga wata siririyar murya mai kaifi, kowace kalma da tsiwa a bakinta, kwanukan jeren suna amsawa ƙasa-ƙasa. Maganar dai ta Baffa ce, yana gaida kowa, yana cewa lafiyarsa ƙalau. Kaka ta saurara har ƙarshe, sannan ta miƙe.

"Yaron nan ba shi da lafiya," in ji ta. "Ni na haife shi. Wannan muryar wanda ya rame ce."

Daga ranar ta daina taɓa tuwo sai kunu, shi ma da lallashi. Ta ce wa Baba ya nemi hanya ya je ya dubo ƙaninsa, ko ita ta tafi da ƙafa.

Baba ya yi duk abin da ake yi. Ya murɗa maɓallin da ke rage kaifin sauti, sai Baffa ya koma kamar mai magana cikin tulu, Kaka ta ce to ga shi nan, har numfashi ya fara gagararsa. Aka kira mai gyaran rediyo ya goge kan rakodar, ya sauya waya, ya ce kayan ba su da laifi. Inna ta yafa wa sifikokin mayafi, ƙarar ta ragu kaɗan, Kaka ta ce an lulluɓe mara lafiya ne kawai. Ƙarshe ta ƙi sake taka ɗakin.

Rannan da hantsi Baba ya ce tunda ba za ta zo ba, Baffa zai je. Aka kwashi rakoda da sifikoki, aka ja waya ta tsakar gida zuwa ɗakinta. Ɗakin Kaka tsohon soro ne na ƙasa, rufin azara, ƙasansa tabarmi da buzu, ga katifar rimi, ga buhunan dawa jingine a lungu, ga zannuwa rataye a igiya. Kullum da sanyi-sanyi da ƙanshin daddawa. Kan buhunan aka ɗora sifikokin, don babu wani wuri.

Baba ya danna. Wallahi har yau ban manta ba. Baffa ne ya yi sallama, da muryarsa ta gaske, mai kauri, a cike, kamar yana durƙushe a bakin ƙofa. Kaka ta amsa sallamar kafin ta ankara. Da ya kai inda yake dariya, sai ta tafa hannu.

"Ja'iri! Ji shi, har ƙiba ya yi!"

Ta juyo ta harare ni, don ni ne abokin wasanta. "Kai maigida, kana zaune matarka na mutuwa da yunwa? Maza a kawo mini tuwo, da man shanu."

Inna ta yi dariya har da hawaye, duk da ta san rakodar ta bar ɗakinta ke nan. Kaka ta ce kwanuka ne suka cinye mata ɗa, ba za ta mayar musu da shi ba. A ɗakin nan muka yi wa Baffa kaset na amsa, kowa yana ƙwace magana, Kaka tana yi masa faɗan ya tsoratar da ita alhali bai san hawa ba bai san sauka ba.

Yau gidajenmu duk sun zama ɗakin Inna: tayil, gilashi, bango sumul. Shi ya sa na tambayi malamin nan yadda falonsa yake. Ya ce tayil ne, ko labule bai sa ba tukuna. Da na so, da na sayar masa da manyan sifikoki, kuma da ya saya. Na ce ya koma da nasa, ya shimfiɗa kafet, ya rataya labule mai kauri, ya janye su daga jikin gilashi. Jiya ya aiko da godiya.

Mai kafet ya ci ribar da ta kamata ta zama tawa, kuma ba yau ya fara ba. Ban damu ba. Duk sanda na yi irin wannan asarar, sai in ji Kaka tana neman tuwo da man shanu.