"Haka ne, Yaya" da na ce

Bakanike ya danna bayan katkat ɗin yayana Alhaji Idi, wato motarsa ta shiga daji, da hannu ɗaya, motar ta yi ƙasa. A Zangon Sokodé muke, an ɗaura mata wani ɗaki mai taya da Yaya ya saya don ya daina kwanan rumfa a kasuwar shanun Dapaong.

Bakaniken ya ce, "Alhaji, sifirin ɗinta laushi gare shi, don ramukan daji aka yi shi. In ka ja ɗakin nan, baya zai zauna, gaba ya ɗaga, sitiyari ya ƙi ji."

Yaya ya yi dariya. "Motar da ke hawa dutse? Ko ba haka ba, Sani?"

Ni direba ne, na san bakanike ke da gaskiya. Amma a gidanmu ƙane ba ya ƙaryata wansa gaban mutane. Na ce, "Haka ne, Yaya," da nufin sai mun keɓe in faɗa masa gaskiya. Kafin mu keɓe ya kama hanya.

A gangaren Alédjo ɗakin ya rinjayi motar. Jiya muka yi sadakar bakwai.

Masu gaisuwa suna cewa kwana ne ya ƙare. Ku faɗa mini, wannan ladabin nawa me sunansa?