Dabino ukun Malam Sagir

Shekara bakwai ke nan da rasuwar Malam Sagir, kuma har yau in na tuna abin da na yi masa a falona da ke unguwar Al Gharrafa sai kunya ta rufe ni.

Malamin lissafi ne a wata makaranta a nan Doha, ni kuwa injiniya, tare muka kafa 'yar ƙungiyarmu ta masu jin Hausa. Da zaɓen kwamiti ya matso sai muka rabu biyu. Mu likitoci da injiniyoyi muka fitar da jerin 'yan takararmu. Ma'aikatan jinya da masu gyaran na'urori na unguwar Bin Omran, yawancinsu Kiristoci daga Filato da kudancin Kaduna, su ma suka fitar da nasu, Sista Rifkatu ce a gaba. Kujeru tara ne, kuma ƙa'idarmu ita ce jerin da ya fi ƙuri'a ya kwashe duka.

A taron share fage, gaban kowa har da Rifkatu, Sagir ya jera dabino tara a kan tire. Ya ce, "Injiniya, in mutum casa'in suka yi zaɓe, sittin suka bi ku, talatin suka bi su, ku ɗauki shida ku bar musu uku. Kowane jeri ya samu kujeru gwargwadon ƙuri'unsa. Ƙasashe da dama haka suke cika majalisunsu. Rinjaye na hannunku, amma ba wanda ƙuri'arsa ta tafi a banza."

Ni kuwa a lokacin bakina ya fi hankalina sauri. Na miƙa hannu na kwashe ukun da ya ware na cinye, na ce, "Khalas, magana ta ƙare, Malam, zaɓe ai ba rabon gado ba ne." Falo ya ɗauki dariya. Shi dai ya ture tiren gefe.

Muka ci tara cif. Ba wanda ya yi rigima. Sai dai mun riƙa sa taro a lokacin da suke kan aiki a asibiti, ba don mugunta ba, don ba ko mutum ɗaya a kwamitin da ya san yadda ake jera musu aiki. A hankali suka daina zuwa, mu kuma muka ce ba su damu ba ne.

Da yana raye na san ba zai ce tsarin nasa ba shi da aibi ba. Shi da kansa yakan ce yana jawo dogon ciniki, 'yan tsiraru su riƙe wa kowa wuya. Amma da ya ga taronmu na yanzu, inda ake gama komai cikin minti goma don duk bakinmu ɗaya, ina jin da ya tambaye ni ko wannan ne sauƙin da nake nema.

Bara na kawo shawarar tasa da bakina, aka amince ba musu. Ranar zaɓe jeri ɗaya ne kawai, ba wanda za a raba da shi. Na kira Rifkatu na ce mata kujerunsu na jiransu. Ta ce, "Allah ya jiƙan Malam. Amma Injiniya, dabinon ai ka riga ka cinye."

Abin da ya rage na Sagir yanzu yana rubuce a kundin ƙungiya, shafi na biyu. Mutanen da ya tsara shi dominsu ne babu, kuma ni na kore su.